Jan Ɗigo a Gindin Kwano

Talata, 15 ga Yuli, bayan asuba

Na ba Baba ƙwayoyin farko da ruwa, tun ciki babu komai. Ya haɗiye.

Talata, da hantsi

Littafin nan na awon sugan Baba ne. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu na Mandawari, lamba kawai nake rubutawa a ciki, safe da yamma. Yau lamba ba ta ishe ni ba.

Jiya sakamakon gwajin kakinsa ya fito. Tarin da muke ta dafa wa citta da kanumfari tun bayan Babbar Sallah, ashe ba na mura ba ne. Sista Safiya, mai kula da ɗakin masu irin wannan tarin a asibiti, ta faɗi sunansa, ko rage murya ba ta yi ba. Tarin fuka. Na rubuta ke nan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ta ce ana warkewa. Ta ce wata shida ne, kullum, babu fashi, ko da ya ji garau bayan wata guda. Wanda ya tsaya a hanya, cutar takan dawo masa da taurin da wannan maganin ba zai iya mata ba. Maganin kyauta ne. Ta ce ciwon suga ne ya raunana masa jiki har abin ya samu ƙofa, kuma shi ma abin zai hargitsa sugan, don haka in ƙara yawan awo. Ta ce fitsarinsa zai yi ja, kada mu tsorata.

Ta faɗi wasu abubuwan. Ina jin akwai maganar taga. Ban riƙe ba, domin a lokacin hannun Baba nake kallo, yana ta juya hularsa a cinya. Ni da ko kasuwa ba na zuwa sai da takarda a hannu, na je wurin nan ko biro ban ɗauka ba.

A cikin adaidaita sahu ya ce, "Ummi, yanzu 'yan haya biyu gare ni, kuma babu mai niyyar tashi." Ummi yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi dariya don ya ji daɗi. Sai ya ce kada kowa ya ji. Na ce to.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta zo daga Madabo da kayanta a jaka. Ni na faɗa mata. Kowan da Baba ya ce, na ɗauka ban da ita. Ko kuskure na yi?

Tana shiga ɗakinsa ta rufe taga, ta toshe kafar da ke sama da tsumma, ta sa aka hura gawayi a kasko.

"Mai tari, da damina, ki bar masa taga a wangale? Ke dai boko ya cinye miki kai."

Ta fito da zuma a kwalba. Na ce, "Gwaggo, sugansa fa." Ta ce zuma ba suga ba ce, waraka ce. Na roƙe ta ta ɗan ajiye tukuna. Ta dangwarar da kwalbar a kan kwaba yadda zan ji.

Daga nan ta ja ni kicin ta ba ni labarin kawunsu Yasir, wanda irin wannan ya kashe tun ban zo duniya ba. Kwanonsa daban, moɗarsa daban, da ya rasu aka haɗa su aka binne a bayan gida. "Shi ya sa babu wanda ya ɗauka a gidan nan. Kakarki ba ta wasa."

Wannan kam na gane shi. Abu ne da hannu zai iya yi. Na sayo jan farce a shagon bakin lungu, na ɗiga a gindin kwano, da kofi, da cokali, da ƙaramin gilashin shayinsa. Soso daban, sabulu daban, ƙusa daban a bango. Da na gama na tsaya ina kallonsu a jere, na ji hankalina ya ɗan kwanta, karo na farko tun Litinin.

Alhamis, 17 ga Yuli, da la'asar

Zazzaɓin ya sauka. Baba ya yi wanka, ya shafa turare, ya ce yau zai fita soro.

Tun ina ƙarama haka abin yake. Bayan sallar magariba suna haɗuwa a soronmu su ci abinci tare. Da su biyar ne, yanzu saura uku: shi, da Baba Sule, da Alhaji Abdulhakim. Kowane gida ya fito da nasa, a juye a babban farantin tagullar da kakanmu ya zo da shi daga Tarabulus, a sa hannu tare. In an gama Baba ya dafa musu shayi. Bai taɓa cin abincin dare a cikin gida ba sai in ciwo ya kwantar da shi. Ko da suga ya same shi bai fasa ba, ni ce dai na koma yin tuwon alkama da yawa har abokan suka saba da shi.

Yau dashishi na yi, da miyar ganye da kifi.

Alhamis, bayan isha'i

Na miƙa abinci ƙofar soro kamar kullum. Ba a jima ba Baba ya shigo. Sauran ba na rubutawa ba ne.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Ya sha magani. Ya ce a ƙoshe yake.

Juma'a, bayan magariba

Bai fita ba. Na ji Baba Sule ya yi sallama a soro, ya jira, ya sake yi. Baba ya juya fuska bango.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Ya sha na tari da asuba, ya sha na suga da hantsi. Kunu ya ɗan kurɓa. Kwanon rana ya dawo a kife, ɗigon yana kallona. Na tambayi Gwaggo ko ita ta kife shi, ta ce ina ruwanta da kwano.

Awon suga ya yi kyau. Ya ma fi na watannin baya kyau. Ya kamata in yi murna.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Gwaggo ta ga ja a fo ta rafka salati, wai jini yake zubarwa. Na ce maganin ne, an faɗa mana. Ta ce wane irin magani ne zai rina mutum ta ciki kamar marina. Wannan ɗaya dai na riƙe daga bakin Sista.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Naziru ƙanena ya kira daga Abuja. Na ce masa Baba ya rame, ba ya ci.

"Yaya, ki haɗa masa madara da lemon kwalba mana, ya samu ƙarfi."

"Ka manta da sugan?"

"To ke kika sani, ke ce likitar gidan."

Ya ce a ba Baba wayar. Baba ya karɓa, murya tas, "Lafiya lau, mura ce. Ummi ce mai tsoro." Yana ajiyewa ya yi tarin da sai da na riƙe masa kafaɗa.

Ɗakin ya ɗume, warin gawayi da turaren wuta. Gwaggo a ciki take kwana, ni a ciki nake yini. Da ta shiga wanka na ɗan buɗe tagar, tana fitowa ta gane.

Wandonsa ya yi masa yawa. Na ga ya ƙara ƙulli a mazagi.

Laraba, 23 ga Yuli, da la'asar

Baba Sule ya yi ta buga ƙofar soro da sandarsa har na fito. Daga ƙauye ya zo Kano yana saurayi, ya yi dako a shagon kakanmu a kasuwar Kurmi kafin ya samu rumfarsa. Har yau Baƙauye Baba yake kiransa, shi kuma ya ce masa Balarabe.

"Ummin Alhaji, Balaraben naki mutuwa ya yi kuka ɓoye, don kada mu ci sadaka?"

"Barci yake yi, Baba."

"Barci. Tun Alhamis." Ya kalli kan sandarsa. "Ki gaya masa Abdulhakim wasa ya yi. Kin san bakinsa."

Na ce wane wasa. Da ma ban tambaya ba.

Ya ce da suka ga faranti, ga kuma ƙaramin kwano a gefe da murfinsa, sai Alhaji Abdulhakim ya ɗaga shi sama ya ce, wannan na magen gidan ne ko baƙo aka yi? Sai ya ga jan da ke gindi. Ya duba gilashin shayi, ya ga irinsa. Ya ajiye, ya goge hannu a rigarsa.

"Wallahi bai san ya goge ba. Hannu ne kawai."

Baba ya ce nasa ne, ya ɗauka ya shige gida.

"Me ke damunsa, 'yar nan?"

Na ce mura ce mai ƙarfi. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "To Allah ya sauwaƙe murar," ya ce, ya juya.

Ban gaya wa Baba cewa a kwano daban zan fitar da nasa ba. Na ɗauka zai gane. Na ɗauka kare su nake yi. Har yanzu ban tabbata ba haka ba ne.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ya sha magani. Bai ci ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da azahar

Ya sha magani. Rabin ƙwai.

Na yi masa alkubus, abin da bai taɓa gani ya kau da kai ba. Ya ce in kai wa maƙwabta. Ina ɗauka ya ce, "A wane kwanon za ki kai musu?" Ba da faɗa ya tambaya ba. Da da faɗa ne da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Bari in rubuta a jere.

Da hantsi na ba shi ƙwayar suga kamar kullum, na shiga wanki. Sai Gwaggo ta ƙwala mini kira. Na same shi zaune a bakin gado, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, hannu yana karkarwa. Yana kallona yana kiran sunan Innarmu, wadda ta daɗe da rasuwa, yana tambayar ko an buɗe shago.

Na soki yatsarsa. Na'ura ta nuna lambar da ban taɓa rubuta irinta a littafin nan ba. Can ƙasa. Tun farkon ciwon an koya mini: in sugan ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take, muddin yana iya haɗiya. Na ruga kicin neman suga. Babu suga a gidan nan. Ni na hana shi shigowa, shekara da shekaru. Na tsaya ina buɗe gwangwanayen da na san babu komai a ciki.

Gwaggo ce ta miƙo kwalbarta. Na dama a ruwa, na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Can sai idonsa ya dawo.

"Ummi, kukan me kike yi? Wa ya rasu?"

Gwaggo ta ce, "Na faɗa ba a ji ba. Zuma!" Ba ni da ƙarfin gardama. Sai daga baya na lura a kofina na ba shi.

Mun je asibiti. Likita ya rage masa ƙwayar. Ya ce maganin suga ba a shan sa a zauna da yunwa, kuma lambobin da na ga suna ta kyau, ba kyau suke yi ba, gangarowa suke yi don ba ya ci. Zumar ma ya ce na yi daidai, amma don wannan lokacin kaɗai, ba ta kullum ba ce. Gwaggo rabin farko kawai ta ji.

Talata, 29 ga Yuli, da safe

Jiya daga wurin likita mun shiga wurin Sista Safiya. Wannan karon da biro na je.

Ta tambayi abin da ya hana shi ci. Ni na faɗa mata, a bakin ƙofa, inda ba zai ji ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba.

"Malama Asma'u, ba ke kaɗai ba ce, gidaje da yawa haka suke yi. Amma ba a kwano yake ba. A iska yake."

In ya yi tari ko atishawa a rufaffen ɗaki, ƙwayar cutar takan tsaya a iskar, na kusa ya shaƙa. Kwano, cokali, gaisawa da hannu, duk babu komai, wankin yau da kullum ya isa. Abin da ake so: taga a buɗe, ya riƙa zama a sarari inda rana da iska suke, ya rufe baki da hanci da hankici in tari ya zo, kaki a gwangwani mai murfi. In yana shan magani daidai, bayan 'yan makonni haɗarin yaɗawa yakan ragu ƙwarai. Kuma dole ya ci. Wake, ƙwai, kifi, ganye, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Jikin da ba ya ci ba zai iya da cuta biyu ba.

Wato duk kwanakin nan kwano nake gadi, iskar kuwa mun kulle ta a ɗaki muna shaƙa mu uku.

Ta ba mu ƙananan robobi masu murfi, ni da Gwaggo, mu kawo kaki a gwada. Ta ce haka ma duk wanda ya daɗe yana zama da shi a rufaffen wuri a watannin da yake tari. Soronmu ba shi da taga ko ɗaya. Na faɗa mata. Ta ce to su ma su zo.

Wannan Baba ya ji. Ya ce, "Babu wanda zai je ya yi shelata a unguwa." A hanya bai yi wasa ba.

Yau na cire tsumman, na buɗe taga, na fitar da kasko. Gwaggo ta ce in sanyi ya kama ɗan'uwanta, ni da Allah. Na ce na ji.

Laraba, 30 ga Yuli, da azahar

Na goge ɗigon da kananzir. Na gilashi da na cokali sun fita. Na kwanon ya bar inuwa.

Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, bakin rijiya. Na zuba wake da alayyahu a kwanon nan, na zauna a gabansa na sa hannu na ci. Na ce, "Baba, bismilla."

Ya daɗe yana kallona. "Allah ya yi miki albarka, Ummi. Amma ba ke ce abokiyar cina ba."

Ya ɗan tsakura don kada in ji kunya.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Ya sha magani. Ya tsakura. Yatsunsa duk sun yi tabon allura. Sugan ya koma hawa, likita ya ce zai iya yin haka. Ban san wanne na fi tsoro ba, sama ko ƙasa.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Na je.

Na sa hijabi na ce zan sayo kifi, na wuce gidan Baba Sule a ƙarshen lungu. Na same shi a dakali yana yanke farce. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Da bakina na faɗi sunan, har da abin da Sista ta ce game da iska da soro da gwaji.

Ya naɗe reza a takardarta a hankali.

"Da na ga jan nan na san ba mura ba ce. Amma tunanina bai kai nan ba. Jikokina a ɗakina suke kwana, Ummi."

Na ce shi ya sa na zo. Na ce gwajin kyauta ne, kuma ko an samu ana warkewa.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Uhm."

Ya ce zai gaya wa Abdulhakim, tun da shi ma hancinsa a soron yake. Ban hana ba. Bai ce zai zo ba. Bai ce in gaishe da Balarabe ba.

Na dawo babu kifi. Gwaggo ta lura.

Asabar, 2 ga Agusta

Shiru.

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Gwaggo ta kai robarta asibiti tana mita. Tawa tana kan kwaba, sai na samu sarari. Maƙogwarona yana ɗan yi mini ƙaiƙayi da safe. Hayaƙin gawayin nan ne da muka sha.

Ko sallamar magariba Baba Sule ya daina yi. Na ga Baba yana kasa kunne in an idar da sallah, sannan ya kwanta.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Ya sani.

Daga gidan Alhaji Abdulhakim aka aiko da dubiya, ledar lemon zaƙi. A bakin ƙofa aka ajiye, ko soro ba a shigo ba. Saƙon kuwa da ƙarfi aka faɗa: Allah ya ba da lafiya, Alhaji ya ce a yi masa uzuri sai bayan damina.

Baba ya kira ni. Bai ce Ummi ba.

"Ke. Wa ya ba ki izini?"

"Babu."

"Na ce kada kowa ya ji."

"Baba, akwai jikoki a gidan Baba Sule."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Da na kawo abinci ko kallonsa bai yi ba. Na ce in bai ci ba ba zan iya ba shi ƙwayar suga ba, haka likita ya ce. Ya ce, "Riƙe abinki."

Tsorona kada gobe ya ce haka a kan na asuba.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan asuba

Ya sha. Bai dube ni ba, amma ya sha.

Juma'a, 8 ga Agusta, da la'asar

Sakamakon gwajin Gwaggo ya fito, babu komai. Ta ce ai ta sani, kullum sai ta lashi zuma.

An yi ruwa tun safe, na shigar da tabarmarsa. Kunu da rabin ƙosai. Da ban je ba. Da ban ɗiga ba. Da na ɗauki biro ranar farko. Haka nake ta jera su ina wanke-wanke, in na kai ƙarshe in dawo farko.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan isha'i

Ana idar da magariba na ji sanda a ƙofar soro. Sai murya, da ƙarfi: "Salamu alaikum! Mata a kimtsa, namiji zai shigo!"

Gwaggo ta zabura tana neman mayafi. "Wane marar ta ido ne wannan?"

Baba Sule ne. Tun kafin a haife ni yake zuwa gidan nan, bai taɓa wuce soro ba. Ya shigo har tsakar gida, kwanon tuwo a hannu, farantin tagullar da ya ɗauko a soro a hammata, yana haki. Baba yana kan tabarma.

"Baƙauye, ba ka san iyakar gida ba ne?"

"An ce iska ake so. Soron naka kamar kabari, ni ma da ma na gaji da shi." Ya zauna a ɗaya gefen, ya ajiye farantin a tsakaninsu. "Na je. Sun sa ni tari a roba, sun haska ƙirjina. Babu komai sai tsufa. An duba yaran ma. Sistar taku ta ce in a sarari ne, kuma kana shan maganinka, in zauna. Kana sha?"

"Ina ruwanka."

"Ummi, yana sha?"

Na ce yana sha.

"To kawo naku a juye. Na gaji da ci da jikoki, duk su kwashe mini nama."

Na kawo tuwon alkama da miyar kuɓewa, na juye duka a farantin, gefen nasa. Na shinkafa ya kawo. Na buɗe baki zan yi maganar suga, na rufe. Baba Sule da kansa ya juya farantin, alkamar ta koma gaban Baba. "Ci naka na marasa lafiya."

Baba bai motsa ba. "Abdulhakim fa?"

"Abdulhakim sai a hankali. Gwajin ma har yanzu gobe yake cewa. Zan ja shi da wuyan riga."

Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya fara ci bai ɗaga kai ba. Sai tari ya zo wa Baba. Ya juya baya ya rufe baki da hankici, ya daɗe yana yi. Hannun Baba Sule yana cikin farantin, bai janye ba. Ya jira. Da tarin ya lafa ya ce, "Ka gama? Miyar tana hucewa."

Baba ya jawo buta ya wanke hannu.

Na shige kicin don kada su ga ina kallo. Gwaggo tana leƙe ta labule tana cewa raɓa za ta sauka, a kai masa bargo. Ban san iya abin da ya ci ba, ban auna ba. Farantin dai ya dawo da rami a gefensa.

Da zai shiga ɗaki ya ce, "Ke, gobe a rage barkono, Baƙauye har hawaye yake yi." Har yanzu "ke" yake ce mini. Awon yamma ya ɗan hau. Saura wata biyar da wani abu.

Gobe:

ƙwayoyin asuba
karɓo maganin gaba, a auna nauyinsa
tambayar likita batun sugan da ke hawa da yamma
allurar sokar yatsa ta kusa ƙarewa
wake, kifi, alayyahu, na mutum biyu
tabarma ta biyu, da leda ko ruwa zai sauko
mai gini ya duba ko bangon soro zai fasu a yi taga, amma sai na tambayi Baba tukuna
tuna wa Baba Sule maganar Alhaji Abdulhakim
robata. Gobe dai.